Gani Bai Kori Ji Ba: Jawabi ga Sababbin Masu Zaɓe a Kafanchan

Matasan da suka taso daga Kagoro, Zonkwa, Kwoi, Gwantu da sauran garuruwanmu, barkanku da zuwa Kafanchan. Kowannenku ya cika shekara 18, ya karɓi katin zaɓensa, yana jiran ranar da zai dangwala yatsa a karo na farko. To, kafin wannan rana ta zo, hotuna iri-iri za su cika wayoyinku, kuma a kansu nake son mu yi magana.

Magabata sun ce gani ya kori ji. A zamaninsu haka abin yake, domin abin da ido ya gani a fili ba ya bukatar shaida. Amma yau yaro mai waya a hannu yana iya yanko kan wani mutum ya ɗora a jikin wani, ko ya ɗauko taron jama'a na wani gari ya liƙa a bayan ɗan takara, duk kafin shayinsa ya huce.

Haɗa hotuna ba laifi ba ne a karan kansa. Mai ɗaukar hoto yakan tsayar da amarya da ango a gaban ruwan Matsirga alhali ba su fita daga shagonsa ba. Mai buga fosta yakan jera ɗan takara da mataimakinsa a takarda ɗaya. Kowa ya san haɗi ne, ba a yaudari kowa ba. Laifin yana farawa ne idan aka miƙa maka haɗi aka ce shaida ce.

Dabarar ta daɗe a siyasa. A Amurka, lokacin yaƙin neman zaɓen 2004, an ɗauko hoton ɗan takara John Kerry na shekarar 1971, aka haɗa da na 'yar wasan fim Jane Fonda na 1972, aka nuna su kamar suna dandali ɗaya suna jawabin adawa da yaƙin Biyetnam. Hoton ya zagaya ƙasar kafin a fito da na asali a tona asirinsa.

Akwai wani haɗin da ya fi wannan sauƙi: tsohon hoto da sabon bayani. A watan Yunin 2018, bayan hare-hare a yankin Barikin Ladi na maƙwabciyarmu Jihar Filato, munanan hotuna sun bazu a Facebook. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikinsu ya fito ne daga Kongo Barazabil tun 2012. Kafin gaskiya ta bayyana an riga an tare hanyoyi, an kashe matafiya.

Mu mutanen Kudancin Kaduna ba sai an ba mu labarin wuta ba. A watan Maris na 1987 rikici ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya kai har Kaduna da Zariya. A watan Afrilun 2011, kuna ƙanana, tarzomar bayan zaɓe ta ci rayuka a Zonkwa da Kafanchan, kasuwar garin nan ta ƙone. Daga baya, a watan Maris na 2016, wakilan al'ummomi 29 suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan. Wannan amana yanzu tana hannunku, kuma hoton ƙarya guda ɗaya yana iya kwance ta.

Saboda haka, idan hoto ya zo muku, ku yi masa tambayoyi huɗu.

Na farko, daga ina ya fito? Idan iyakar abin da aka sani shi ne wani ya turo a WhatsApp, to ba shi da uba.

Na biyu, haske da inuwa sun dace? Rana ɗaya ce a sama. Idan inuwar wannan ta faɗi gabas, ta na kusa da shi ta faɗi yamma, an yi haɗi. Ku buɗa hoton ku duba gefen wuya, kunne, hula da yatsu, domin a nan ɗinkin yakan nuna.

Na uku, wurin ya yi kama da inda aka ambata? Kun san duwatsun Kagoro, kun san lambar motocin Kaduna. Idan an ce abu ya faru jiya cikin hunturu amma ciyawa kore shar, akwai magana.

Na huɗu, hoton ya taɓa fitowa? Manhajar Google Lens tana nuna inda aka taɓa wallafa hoto, kuma ƙungiyoyi irin su Dubawa da Africa Check aikinsu ke nan, tantance irin waɗannan abubuwa.

Haɗin da ya fi haɗari a ranar zaɓe shi ne na takardar sakamako, inda ake goge lamba a rubuta wata. A kowace rumfa ana ƙidaya ƙuri'u a gaban jama'a, a rubuta a fom EC8A, shugaban rumfa ya sa hannu, a ba wakilan jam'iyyu kofi. Ana ɗaukar hoton fom ɗin da na'urar BVAS a ɗora a shafin IReV na hukumar INEC. Ku kwatanta duk takardar da aka turo muku da abin da kuka ji an karanta a rumfarku da abin da ke wannan shafi. Ku tuna kuma, jami'in da INEC ta naɗa ne kaɗai ke da ikon bayyana wanda ya ci.

Ƙannena, idan hoto ya sa jininku ya tafasa nan take, ku san mai yiwuwa don haka aka ƙera shi. Ku dakata, ku bincika, idan shakka ta rage kada ku tura. Ƙuri'ar kowannenku ɗaya ce tak, kada ku bari wanda ya ɓoye fuskarsa ya zaɓa muku da hoton da ya ɗinka.

Allah ya ba mu zaɓe lafiya.