INA ZA A KAI TSOHUWAR KATIFA?
Jawabi ga Magidanta Game da Manyan Tarkacen Gida



Sharar yau da kullum ba ta da wuyar sha'ani: a share, a zuba a kwando, a kai juji. Amma akwai wata irin shara wadda kwando ba ya ɗauka, wato tsohuwar katifa, da karyayyen gado, da mataccen firji, da tayar mota, da ruɓaɓɓen kwanon rufi. Irin waɗannan su ne mai gida kan rasa yadda zai yi da su, sai a jira dare ya yi a tura su cikin kwata ko rafi.

To, abin da aka jefa a ruwa ba ya ɓacewa. Katifa guda tana iya toshe bakin kwalbati, sauran shara ta taru a bayanta, in ruwan sama ya sauko sai ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane. Mutanen Ibadan ba su manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta shekarar 1980 ba, wadda ta ci rayuka da dukiya masu yawa, kuma sharar da aka cika kogin da ita tana cikin abubuwan da suka ƙara tsananta ta. Haka nan tayar da aka yar takan tara ruwa, a ciki sauron da ke kawo zazzaɓin shawara yake hayayyafa. Ƙonawa kuwa ba magani ba ce, domin hayaƙin soso da roba guba ne ga huhu, musamman na yara da tsofaffi.

Abin lura shi ne, yawancin wannan tarkace dukiya ne a hannun wanda ya san amfaninsa. A kasuwar Panteka ta Kaduna, da irinta a sauran garuruwa, maƙera sukan yanka tsohon duro su yi murhu da akwati, a narka alminiyum a zuba tukwane, taya kuma a fitar da takalma da igiya daga jikinta. 'Yan gwangwan suna yawo unguwa-unguwa suna sayen ƙarfe da awo, su tara a kai masana'antu a narka a yi rodi.

Saboda haka ana roƙon kowane magidanci ya bi waɗannan matakai. Da farko a duba ko abin zai gyaru, ko akwai mabuƙaci da zai amfana da shi. In ba haka ba, a ware ƙarfe dabam, katako dabam, a sayar wa mai sana'ar da aka sani a unguwa. Kada a fasa batirin mota a gida, gama akwai dalma da ruwa mai ƙuna a cikinsa. Kada a huda bututun firji, a bar wa masu gyara. Firjin da aka ajiye kuwa a cire ƙofarsa, don kada yaro ya shiga wasa ta rufe da shi. Abin da ya saura, a tuntuɓi hukumar kwashe shara ta jiha ko ofishin duba-gari na ƙaramar hukuma a ji inda aka keɓe dominsa.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Muhalli a 1999, ta kuma kafa hukumar NESREA a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli. Amma hukuma ba ta kwana a bakin kowace kwata. Masu unguwa da limamai da shugabannin kasuwa su ja hankalin jama'arsu a fitar da irin wannan kaya tun da rani, kafin damina ta kama.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.