Mai Gadin Ƙofar Kalsiyam a Jikin Dabba da Mutum

Yau maganarmu a kan kalsiyam ce, sinadarin nan da kuka sani a nono da ƙashi.

Jikin saniya, kamar naka, tarin ƙwayoyin halitta ne. A cikin ƙwayar akwai wasu 'yan murhu da ake kira maitokondiriya, su ke mai da abinci ƙarfi. Idan tsoka za ta motsa ko zuciya za ta buga, kalsiyam yana ƙaruwa a cikin ƙwayar, wani ya shiga murhun ya ce a ƙara wuta.

To amma ba haka kawai yake kutsawa ba. Akwai ƙofa, sunanta MCU, wadda masu bincike a Padua ta Italiya da Boston ta Amurka suka gano a 2011. A bakinta akwai mai gadi, MICU1, da aka gano a 2010. Ku da kuke tsallaka iyaka kun san shinge. Wannan mai gadin, in kalsiyam kaɗan ne, sai ya bar ƙofa a rufe. In ya taru, alamar aiki ya taso, sai ya buɗe. In kuwa abin ya wuce kima, murhun ya kumbura, ƙwayar ta mutu. A 2014 an samu yaran da aka haifa da matsala a wannan mai gadi, suna fama da raunin tsoka.

Ina ruwan makiyayi da wannan? Saniya mai yawan nono, bayan ta haihu, kalsiyam na jininta kan ragu, ta kwanta ta kasa tashi. Maganin shi ne kalsiyam. Amma in aka ɗura shi a jijiya da gaggawa, bugun zuciyarta kan rikice, har ta mutu nan take. Jiki da kansa awo yake yi, kai ma kada ka zuba ba awo.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka ga kwalbar kalsiyam a kasuwa, kada ka soka da kanka. Kira malamin dabbobi, ya duba ko ciwon ne ma, ya ba ta a hankali yana sauraron zuciyarta. Allah ya raya mana dukiya, sai mako mai zuwa.