Hannun da Na Ƙi Kamawa

Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Yohanna, sura 13, aya 1 zuwa 9. Kafin mu duba shi, bari in ba ku labarin karayar da na taɓa yi.

Shekarun baya na je ƙaro karatu a ƙasar Kanada. A Otawa, babban birninsu, akwai wata hanyar ruwa da aka haƙa, ana kiranta Rido, an gama ta a 1832. In hunturu ya kama, ruwan yakan daskare ya zama ƙanƙara. Sai mutane su sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, su yi ta zamiya a kai, tsawon kilomita 7.8. Ba a buɗe wa jama'a sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 30.

Wani dattijon ikkilisiya, wanda nake zaune a gidansa, shi ya kai ni. Da na sa takalman sai ya miƙo hannu ya ce, "Fasto, kama ni tukuna, har ƙafarka ta saba." Na duba na ga yara ƙanana suna wucewa kamar tsuntsaye. Na ce a raina, ni da na hau itacen giginya ina yaro, tsoho ne zai riƙe ni? Na ce, "Baba, bari kawai, zan iya." Ban yi nisa ba ƙafafuna suka tafi suka bar ni. Na tokare da hannun dama, na ji ƙas! Gaskiyar Hausawa, girman kai rawanin tsiya.

A asibiti aka ɗauki hoton hannun. Likita ya nuna mini cewa ƙasusuwa biyu ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma na wajen babban yatsa ne ya karye. Ya ce irin karayar da aka saba gani ke nan ga wanda ya tare faɗuwa da tafin hannunsa. Ya ja ƙashin ya daidaita, kamar yadda maɗori yake yi, ya sa filasta na mako 6. Ya bayyana mini cewa jini ne yake fara daskarewa a bakin karayar, daga nan wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya haɗa ɓangarorin, a hankali ya taurare ya zama ƙashi. Ba a yi masa gaggawa.

'Yan'uwa, zafin karayar bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Ba na iya sa maɓallin riga. Ba na iya yanka nama. Ba na iya rubutu a aji. Kowace safiya dattijon nan da na ƙi hannunsa yakan durƙusa a gabana ya ɗaure mini igiyar takalmi. Bai taɓa tuna mini da maganarsa ba. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

A nan na gane Bitrus. A daren da za a bashe shi, Yesu ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya shiga wanke ƙafafun almajiransa. Da ya zo kan Bitrus, Bitrus ya ƙi sam. Yesu ya nuna masa cewa in bai yarda an wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Mun saba jin wa'azi cewa mu yi wa waɗansu hidima. Amma yarda a yi mana hidimar, wannan ya fi wuya, musamman ga mu fastoci da dattawa da iyayen gida.

Ran da aka cire filastar, hannun ya rame, ya sandare. Sai da na yi watanni ina motsa shi kullum kamar yadda aka koya mini kafin ya koma aiki.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila kana da karayar da ba a gani. Bashi ne ya danne ka, ko aure ya tsage, ko wani zunubi da kake ɓoyewa. Ka sani, ƙashin da aka ɓoye ba a ɗora ba, a karkace yake haɗewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wa ya miƙo maka hannu ka ce masa za ka iya? Ka neme shi cikin makon nan, ka faɗa masa gaskiya.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana girman kanmu. Ka ba mu tawali'u mu karɓi taimakon da ka aiko mana ta hannun 'yan'uwa. Ka taɓa duk mai sauraro da yake kwance da karaya yau. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.