Tiyon Birki Mai Saƙar Ƙarfe: Me Zai Ƙara wa Motar Hanyar Illela?

Batun da za mu duba yau ƙarami ne a ido, tiyo ne da bai kai kamu ɗaya ba, amma shi ke ɗauke da man birki daga jikin mota zuwa taya. Kwanan nan masu kayan gyara sun fara tallar wani irinsa mai sheƙi, wanda aka lulluɓe da saƙar ƙarfen da ba ya tsatsa, ana cewa da shi birki ke ƙara kamawa. Matsayina shi ne wannan tiyo yana da amfani, amma ba amfanin da ake tallarsa da shi ba, kuma a garin iyaka irin Illela shi ya kamata ya zama sayayya ta ƙarshe a gyaran birki.

Idan direba ya taka birki, ƙafarsa mai take turawa, man ya bi bututun ƙarfe, daga nan ya shiga tiyo mai lanƙwasa, domin taya tana hawa da sauka, ta gaba kuma tana juyawa. Tiyon da kamfani ke sawa roba ce mai zare a cikinta, kuma duk lokacin da mai ya matsa ta takan ɗan kumbura, sai wani ɓangare na takun ya tafi a kumburin. Mai saƙar ƙarfe cikinsa Teflon ne, abin da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, saƙar kuma tana hana shi buɗewa. Sakamakon shi ne birki ya yi tauri a ƙafa, direba ya ji daidai inda ya fara kamawa. To amma abin da ke tsayar da mota gogayyar takalmin birki da faifai ne, sannan riƙon taya da kwalta. Idan taya ta suɗe, ko an yi lodin da ya wuce kima, tazarar tsayawa ba za ta ragu ba don an sauya tiyo.

Mu dubi motocinmu. Wadda ke jigila tsakanin Sakkwato da Illela, ta tsallaka Ƙonni ta dawo, tana aiki ne cikin zafin da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da buhuna a but har a kan rufi. A irin wannan hali maƙiyin birki na farko shi ne tsohon mai. Man birki yana zuƙar danshi daga iska sannu a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma idan ya sha ruwa ma'aunin kan sauka zuwa 140. DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. Da zarar ya tafasa sai tururi ya cika bututun, tururi kuwa yana matsuwa, ƙafa ta tafi har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Wannan na cikin abubuwan da ke kawo abin da muke kira shanyewar birki bayan doguwar tafiya, kuma tiyo mai tsada ba ya maganinsa. Kamfanoni da yawa na cewa a zubar da man a sa sabo duk shekara biyu, mu kuwa ƙari kawai muke yi idan ya ragu.

Wani zai ce ai motocin tsere da jiragen sama da shi suke aiki. Gaskiya ne, amma can ana kwance kaya a duba bisa ƙa'ida, a jefar da su kafin su gaji. Wani kuma zai kawo hujjar da ta fi wannan ƙarfi, cewa zafi da rana suna busar da roba ta tsattsage, Teflon kuwa yana jurewa. Na yarda da wannan. Sai dai roba tana nuna ciwonta: bakanike zai ga tsaga, ko kumburi, ko jiƙewar mai. Saƙar ƙarfe tana ɓoye na cikinta kamar tuwon da ya yi ɓawo, sama lafiya ciki ya lalace. Ga kuma ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin ƙauyukanmu; idan suka shiga tsakanin saƙar da Teflon, kowane motsi na taya gugar tiyon yake yi daga ciki. Saƙar da ke goga wani abu a ƙarƙashin mota ita ma tana cinye shi.

Saboda haka wanda ya gama da taya, takalmi, faifai da mai, ya kuma ga yana son tiyon, ya nemi mai rigar leda a kan saƙar, wanda aka matse bakinsa da inji a masana'anta, ba wanda aka ɗaure da hannu a kasuwa ba. Tsawonsa ya zama na wannan motar tak. A juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu a tabbatar bai ɗame ba, bai murɗe ba. A duba alamar SAE J1401 ko ta DOT, wadda ke nuna bin dokar Amurka mai lamba FMVSS 106, inda ake kaɗa tiyo a kan inji awa 35 ba tsayawa. Amma alama tambari ce, ana iya buga ta a ko'ina, kuma kayan da ke ratsa iyaka ba duka ne suka bi ta hannun hukumar kula da ingancin kaya ta SON ba. Tiyon roba na ainihi ya fi na ƙarfen jabu nesa ba kusa ba.

A 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga nan Illela zuwa Badagry. Kwalta mai kyau tana kawo gudu, kuma idan gudu ya ninka, zafin da birki zai shanye kafin mota ta tsaya ninki huɗu ne. Shugabannin tasha na iya farawa tun yanzu da rubuta ranar da aka sauya wa kowace mota man birki kafin a ba ta layi.