Maroƙan Zamani Da Sha'anin Nukiliya



Duk wanda ya tashi a Azare ya san maroƙi. In ya tsaya a ƙofar fadar Sarkin Katagum ranar Salla yana wasa wani attajiri, kowa ya san wanda ya ba shi riga. To, a Turai da Amurka akwai maroƙan zamani, watau kamfanonin hulɗa da jama'a, waɗanda sana'arsu ita ce gyara sunan mai kuɗi a jaridu da kama masa ƙafa wurin 'yan majalisa. Su kuwa sau da yawa sukan sakaya sunan ubangidansu.

Cikin 2006 ƙungiyar masu masana'antun nukiliya ta Amurka ta ɗauki kamfanin Hill & Knowlton a kan Dala miliyan 8. Aka kafa wata ƙungiya mai kiran wutar nukiliya da sunan tsabta da aminci, aka ɗora Patrick Moore, tsohon jigon Greenpeace, cikin shugabanninta. Jaridu da dama suka dinga buga maganarsa a matsayin ɗan kare muhalli, ba tare da faɗin mai biyansa ba.

Abin da roƙon bai ambata ba yana nan maƙwabta. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, inda Hausawa da yawa suka je neman abinci. Kamfanin Areva na Faransa ya sha tallata kansa da tsabta, alhali kuwa cikin 2009 masu binciken Greenpeace sun auna tururin guba a wani titin Akokan, suka tarar ya kusa ninka na al'ada sau 500. Da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021, an bar tulin dusar ma'adini mai guba kimanin tan miliyan 20.

Maganar ta shafi Nijeriya, domin a 2017 ta ƙulla yarjejeniya da Rosatom na Rasha kan gina tashar nukiliya, an kuma ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom. Buƙatar lantarki gaskiya ce, amma mai nema ba ya rasa mai yi masa daɗin baki.

Saboda haka ya kamata 'yan Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal, in sun ji wani masani yana yabon nukiliya a rediyo, su fara tambayar wanda ya ɗauki nauyinsa, da inda za a zuba sharar, da wanda zai yi jinyar ma'aikata. Sa'an nan su aika wa wakilansu na majalisa waɗannan tambayoyi a rubuce.

Allah ya sa a gane. Wassalam.