KADA A SAKI RESHE A KAMA GANYE

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, mai sana'ar man gujiya, ya yi a taron shekara na mazauna gida da ƴan ci-rani



Shugaba ya umurce ni in yi magana a kan wata tambaya da samari suke yawan yi mini, watau yaushe ya kamata mutum ya bar aikin da yake ci da shi, ya rungumi ƴar sana'ar da yake taɓawa a gefe, ta zama ita ce abin dogaronsa. Ni ba malami ba ne, ban kuma yi lakkol ba. Abin da ya same ni da abin da na gani, su zan faɗa. Inda na yi kuskure dattawa su gyara mini.

Kun san na yi shekaru ina ci-rani a Kano. Da dare ina gadi, da safe ina da ɗan teburin shayi a bakin hanya, in ruwa ya sauka in dawo gida noma. Maiɗakina kuwa tana nan tana matsar man gujiya, tiya biyu ko uku a rana, tana toya ƙuli-ƙuli yara suna kai talla. Ban ɗauki sana'arta a bakin kome ba. Sai wata shekara na dawo, na canza nairar da na tara a bakin iyaka, na ga ta narke a hannuna. Da na shiga gida na tarad da awaki biyu a turke, ta saye su da kuɗin ƙuli. Daga ran nan na fara tunani.

Gujiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kance. Dattawa sun fi ni sanin zamanin da ita ce arzikin Nijar. A 1962 aka kafa Sonara don sayen gujiya, akwai masana'antar matsar mai a nan Matamaye, akwai a Magarya, akwai a Maradi. A Kano ma, tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911, gujiya ta tada attajirai irin su Alhassan Dantata, wanda da fataucin goro ya fara, ya kuma rasu a 1955. Sa'an nan fari ya zo a 1973, ciwon gujiya ya biyo baya a 1975, manyan injuna suka yi shiru. Amma turmin iyayenmu mata bai yi shiru ba. Sana'ar da kamfani ya kasa riƙewa, su suka riƙe ta a cikin gida har yau. To, wannan ita ce sana'ar da muka mai da babba, ni da maiɗakina, kuma ba mu same ta da sauƙi ba.

Da farko na yi gaggawa. Na ajiye gadi, na sayar da teburin shayi, na zuba kuɗin duka a gujiya cikin bazara, lokacin da ta fi tsada. Na ba da mai bashi ga masu ƙosai da masu tuwo ba tare da na rubuta ba. Aka yi mini haihuwa, na ɗebi kuɗin rago daga cikin jari. Kafin kaka ba jari ba riba, sai kunya. Na koma Kano na roƙi aikin gadi a wani gida. Wannan shi ne sakin reshe a kama ganye, kuma ba na so ya sami ɗayanku.

Abu na farko da na koya shi ne lissafi. Ciniki daban, riba daban. Mai shayi yana ganin kuɗi cike da gwangwani da yamma sai ya ce ya samu, alhali bai fid da kuɗin sukari da madara da itace ba. A man gujiya sai ka fid da kuɗin gujiya, da na ɓara, da na suya, da na niƙa a inji, da itace, da galan, da kuɗin mota, da ladan masu taya aiki, har da ladan wahalarka kai kanka. Abin da ya saura shi ne riba. Kusan rabin ƙwayar gujiya mai ne, amma matsar hannu ba ta fid da shi duka, saura yana cikin tunkuza. Saboda haka sau da yawa mai yakan mai da uwar kuɗi ne kawai, riba tana cikin ƙuli-ƙuli. Wanda bai da kasuwar ƙuli, bai da sana'ar mai. Ka sami ɗan littafi, ko da ajami ne, ko yaronka ɗan lakkol ya rubuta maka, dala ɗaya in ta fita a rubuta, in ta shigo a rubuta. In ka yi shekara guda cur, da kaka da rani da bazara da damina, littafin ya nuna ribar tana ciyad da gida kamar yadda albashinka yake yi, to, lokacin ajiye aiki ya yi. Ribar watan azumi ko ta sati biyun salla ba ita ce ma'auni ba.

Na biyu, a raba aljihu. Kuɗin jari ba na cefane ba ne, ba na biki ba ne, ba na suna ba ne. A karo na biyu mun yanka wa kanmu abin da za mu ɗauka kowane mako, ba mu ƙetare shi. Muka shiga adashi, kwasar da muka yi ita muka ajiye don ranar ciwo ko ranar da inji ya lalace.

Na uku, lokacin saye. Gujiya tana araha da kaka, tana tsada daga bazara har sabuwa ta fito. Mai matsar tiya uku yana iya saye kullum a kasuwa, amma wanda ya mai da abin sana'a, in bai ajiye buhuna tun kaka ba, zai yi wa ƴan sari bauta ne. Ajiyar ma da ilminta. A shanya ta bushe sarai, a bar ta cikin kwansonta, a ɗora buhuna bisa itace kada su taɓa ƙasa. Gujiyar da ta sha danshi ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma yawancin gubar a ƙuli take zama, yaranmu ne masu ci. A tsince ruɓaɓɓu a zubar, kada kwaɗayin tiya guda ya sa mu ɗauki alhaki.

Na huɗu, iyaka. Mu mutanen Matamaye ƙafa ɗaya a gida, ɗaya a Daura da Kano. Kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi kamar tamu ce. Amma ku tuna, Nijeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986. Ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka kuma rufewa, sai a Maris 2024 aka buɗe. Kuɗi ma ba su tsaya wuri ɗaya ba: a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, naira kuwa kun ga faɗuwar da ta yi tun 2023. Wanda duk masu sayensa suke ƙetaren Dan Barto, ranar da aka sa shinge ya tashi. A nemi abokan ciniki a Kance da Takeita da Damagaram tukuna, na ƙetare su zama ƙari. Kuɗin da za ka sayi gujiya da su, da su za ka riƙe jarinka.

Na biyar, kada a sayar da gona don a yi jari. Gona ita ce reshen. Hatsin da ke rumbu shi ya hana mu cin jari a shekarar farko. Mai garka a fadama ma haka, kada ya bar rakensa da rogonsa sai sabuwar sana'a ta tsaya da ƙafarta.

Yanzu iyayenmu dattawa, ku yi mini gafara, ina da roƙo. Yaro in ya kafa tebur ko ya sayi inji, kada a ɗauka ya zama attajiri. Yau a aiko a karɓi mai bashi, gobe a ce ya biya lanhon gida duka, jibi a ce ya yi wa ƙanwarsa kayan ɗaki. Kunya ba ta bari ya ce a'a, sai jari ya mutu, ya koma tasha da jakarsa. Ku ba shi shekara biyu ya yi saiwa, inuwar ku za ku sha. Ku kuma ƴan'uwana maza, jarin mace nata ne, shari'a ta ba ta. Kada a ranta a ƙi biya.

Ba don wasa nake wannan magana ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa kuma daga nan ƙasar Kance suka tashi. Rashin abin yi a gida ya fid da su. Duk sana'ar da ta tsaya a garin nan, tana riƙe mai ɓara, da mai suya, da mai niƙa, da mai kai kaya kasuwa.

Saboda haka ga shawarar da nake ajiyewa gaban ƙungiya. Cikin kuɗin da ƴan ci-rani suke aikowa asusu, a ware wani kashi a riƙa ba masu ƙaramar sana'a jari da kaka, maza da mata, bisa ƙiradi yadda malamai suka sani: a yanka rabon riba tun farko gaban shaidu, ba kuɗin ruwa, in hasara ta zo ba da sakaci ba ta faɗa kan jari. Sharaɗi guda, mai nema ya kawo littafin lissafinsa na shekara. Liman da ma'aji su duba, a kawo wa taro.

Nan zan tsaya. Wanda yake so ya ga yadda muke rubuta namu littafin, ya same ni a gida bayan la'asar. Allah ya sa albarka a neman kowa, ya mai da matafiya gidajensu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.