Komawa Makaranta Bayan Girma: Wa Zai Ɗauki Nauyi?

  

Ya 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan magidanta da matan aure ce, waɗanda karatunsu ya yanke, ko dai saboda rasuwar mahaifi, ko aure, ko neman abin sakawa a baka, alhali kuwa ransu bai daina begen komawa ba. Abubuwa biyu ne ke danne su, kunya da rashin kuɗi.

To, amma ita kunya ba ta da mazauni a nan. Mafi yawan sahabbai da girmansu suka zauna neman ilmi, wasunsu har da furfura. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke kai karatu ga matan aure har cikin ƙauyuka. A nan Jihar Kano ma, a shekarar 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya domin waɗanda damar farko ta kuɓuce musu. Ashe ke nan dattijon da ya rataya jakar littattafai ba baƙon abu ya zo da shi ba.

Mu mutanen Wudil kuwa hujja ta fi hawa kanmu. Tun 2001 aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha a garin nan, wadda a 2022 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote. Ɗalibai suna tahowa daga nesa su sha daga wannan rijiya, mu da muke bakinta muna zaune da ƙishirwa. Muna kukan cewa matanmu ba su samun mace mai duba su a asibiti, makarantun Islamiyyarmu ba su da malaman lissafi masu takarda. To, daga ina za su fito in ba daga cikinmu ba?

Hanyoyin a buɗe suke. Wanda bai cika kiredit biyar ba, har da Turanci da Lissafi, ya sake zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. Mai takardar NCE ko difloma yana iya neman shiga jami'a kai tsaye ta hannun JAMB, ba sai ya fara daga ajin farko ba. Wanda ba zai iya barin sana'arsa ba, akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, da jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, da kuma sashen karatun wucin gadi na Jami'ar Bayero. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri, doka ta ɗauke masa hidimar ƙasa.

Sai batun kuɗi, kuma a nan ne ake tuntuɓe. Da farko, ciyar da iyali wajibi ne, kuma ba a zubar da wajibi don neman wata falala. Kada mutum ya sayar da hatsin gidansa ya biya rajista, ya bar yara da yunwa. Ya zauna ya yi lissafin shekarun karatun gaba ɗaya, da kuɗin makaranta, da na mota, da na littattafai, da kuma cinikin da zai rasa a ranakun darasi. Da yawa ba jarrabawa ce ta kore su ba, rajistar shekara ta biyu ce.

Na biyu, a yi tanadi tun kafin a cike takarda. Garinmu garin Kara ne. Ɗan maraƙi ko tunkiya biyu da aka turke da niyyar karatu, in Allah Ya sa albarka, sa taimaka ainun a lokacin rajista. Haka nan adashi tsakanin amintattu, matuƙar kowa zai ɗauki daidai abin da ya zuba.

Na uku, mu yi nesa da bashin ruwa, ko da wane suna aka sa masa, har da wanda ake tallansa a wayar hannu. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara ba da lamunin karatu marar ruwa ta asusun NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Mai bukata ya karanta sharuɗɗansa da kyau kafin ya nema, kuma ya sani cewa bashi ne, ba kyauta ba. Wanda ya ci da niyyar ƙin biya ya toshe ƙofa ga na bayansa, kuma yana da hisabi a gaban Allah.

Na huɗu, kira ne ga mawadatanmu. Malamai da dama sun halatta a ba matalaucin da ya duƙufa ga neman ilmi mai amfani daga dukiyar zakka. Muna ba kowane reshe shawarar ya buɗe asusu, da amintattu uku da littafin shiga da fita, ya ɗauki nauyin ko da mutum ɗaya ne har ya kammala. Kammala wa mutum guda ya fi fara wa goma a yasar da su a hanya.

Daga ƙarshe, ya ku mazaje, da yawanmu mun yi wa surukanmu alkawari ranar ɗaurin aure cewa yarinya za ta ci gaba da karatu. An haifi na fari, an haifi na biyu, takardunta suna nan a ƙasan akwati. Alkawari kaya ne, kuma za a tambaye mu a kansa. Kowa ya koma gida yau ya tambayi iyalinsa inda karatunta ya tsaya, kafin rajistar bana ta wuce.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani da arziki na halal, Ya sa mu gama da duniya lafiya.